Had disk ya tsaya ana tsaka da kwashe fayil

Ɗan'uwa sannu, Allah ya sa ba a yi asara ba. Ka ce kana kwashe hotuna da takardu daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa sai had disk ɗin ya maƙale yana ƙara ƙas ƙas, ko? To don Allah cire shi daga wuta yanzun nan. Wannan ƙarar galibi allurar da ke karanta faifan da ke cikinsa, inda bayanan suke, ce ta samu matsala, kuma duk kunnawar da za ka sake tana iya kankare faifan, abin da ya kankaru kuwa ya tafi kenan.

In Windows ta ce ka yi fomat, wato a share disk ɗin a sake tsara shi, kar ka yarda, kar ka sa chkdsk, wato manhajar Windows mai dubawa da gyara disk, maganar da wasu ke yi ta sa shi a firiza ma bar ta, raɓa zai kama.

Da a ce shiru yake nauyi kawai yake yi, sai in ce fara canza kebul ɗin USB don wani lokacin shi ne ɓarawon, ka duba lafiyar disk ɗin da manhajar CrystalDiskInfo, sannan a kwafe shi ɗungurungum kan wani disk da manhajar kwafar disk mai suna ddrescue, daga kwafin ake ciro fayil da manhajar ceto fayil mai suna PhotoRec. Amma tunda yana ƙara, kai wa ƙwararrun ceto bayanai, kuma kar ka bari wani ya buɗe murfinsa a shago, ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa shi.