Tambaya da Amsa: Shekarun 'yan wasa ne ke cin kofi a hokin ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ni ke horar da ƙungiyar ƙwallon samarin garinmu. Kwanan baya a majalisa wani ya nuna mana a waya wasan nan da ake yi a kan ƙanƙara da sanduna, ya ce a Kanada ƙungiyar matasan da ta fi manyan yara ita ke ɗaukar kofi. Muka yi ta gardama har aka kira isha'i. Gaskiya ne? In haka ne, me zai hana ni ma in tara manya zalla a gasar bayan kaka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mutuminku bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya kawo muku.

Babbar gasar matasa ta Kanada ana kiranta CHL, kuma rukuni uku ce: WHL a yamma, OHL a Ontario, QMJHL a Quebec da gabas. Yawanci 'yan shekara 16 zuwa 20 ke bugawa, kuma a ƙarshen kakar wasa ana karawa don Kofin Memorial, wanda aka fara tun 1919. Ga abin da ba a faɗa muku ba: doka ta hana kowace ƙungiya riƙe 'yan shekara 20 fiye da uku. Masu gasar sun san da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa suka ƙayyade ta. Saboda haka ainihin ƙarfin ƙungiya yana wurin 'yan shekara 19.

Dalilin a jiki yake. A wannan wasa an halatta ka bangaje abokin hamayya da kafaɗa har ka haɗa shi da katangar fili. Ɗan shekara 16 ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Zai iya jure dare ɗaya, amma a WHL da OHL wasa 68 ake yi a kaka, da doguwar tafiya a bas cikin sanyi, sannan a shiga sili-ɗaya-ƙwale mai zagaye huɗu, inda kowane zagaye sai ka ci abokin karawarka sau huɗu cikin wasa bakwai. Ƙungiya ɗaya za ka yi ta haɗuwa da ita kusan mako biyu. Zuwa wasa na uku sun gano yaron da ke sakin faifai, wato ɗan faifan robar da ke madadin ƙwallo a wasan, da zarar an matse shi, kuma wajensa za su yi ta bi.

Inda muke so ku dakata, Malam, shi ne gurbin da aka sa manyan. 'Yan wasa 20 ke sa riga a kowane wasa: gola biyu, yawanci 'yan baya shida da 'yan gaba 12, amma shida kaɗai ke cikin fili a lokaci guda, kuma ban da gola yawanci ana canja su kafin minti ɗaya ya cika. Ɗan gaba mai baiwa yana iya haskakawa tun yana 17, domin aikinsa gudu ne da kaifin ido. Ɗan baya da gola kuwa aikinsu karanta wasa ne, sanin lokacin tarewa da lokacin ja da baya, kuma wannan sai an sha wuya ake iya shi. Kuskuren ɗan gaba akwai masu gyara shi a bayansa. Na gola a raga yake ƙarewa. Shi ya sa masu hankali ke yawan kashe gurabun nan uku na 'yan 20 a baya ko a raga.

Ku dubi ɗan gaba Connor Bedard. A kakar 2022 zuwa 2023, yana ɗan 17, ya tara maki 143, wato ci da taimakon ci, a wasa 57 a ƙungiyar Regina, amma Saskatoon ta fitar da su tun zagayen farko. Ɗan gaba Connor McDavid ma ya kai ƙungiyar Erie wasan ƙarshe na OHL a 2015, Oshawa ta doke su ta wuce ta ɗauki Kofin Memorial. Erie ba ta sake cin OHL ba sai 2017, bayan ya tafi, lokacin da yaran da ya bari suka girma tare.

Tara manya ma yana da farashinsa. Kafin a rufe musayar 'yan wasa a watan Janairu, ƙungiyar da ke hangen kofi takan ba da ƙananan yaranta da haƙƙinta na zaɓen sababbi a shekaru masu zuwa, ta karɓi manya. In kofin ya zo, madalla. In bai zo ba, manyan sun wuce shekarun gasar a lokaci guda, ga rumbu wayam, sai a yi shekara biyu ko uku a ƙasan teburi. Kamar manomin da ya cinye iri ne. Akwai kuma abin da ba ya hannun koci: fitaccen ɗan 19 babbar gasar ƙwararru ta NHL tana iya riƙe shi, kuma daga 2025 an buɗe wa 'yan CHL ƙofar buga wa jami'o'in Amurka, har Gavin McKenna ya bar ƙungiyar Medicine Hat ya koma jami'ar Penn State.

Ga abin da za ku ɗauka zuwa filinku. Kada ku haɗa shekarun duk wanda ke cikin rajista ku raba, wannan lissafin yana yaudara. Ku ninka shekarun kowane yaro da mintunan da ya buga, ku tara, ku raba da jimillar mintunan. Ɗan 19 da ke zaman benci bai ƙara muku komai ba. Gola da 'yan baya biyu na tsakiya su zama manyanku. A kowace gasa ku sa ƙanana uku ko huɗu suna samun ko da minti 20, don kada ranar da manyan suka tafi ci-rani a wayi gari babu ƙungiya. Kuma ku tsaya kan iyakar shekarun da masu gasa suka gindaya. Sa ƙaton saurayi cikin yara zalunci ne, yana karya ƙafa, kuma irin wannan maguɗin ne ya sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 a 2009.

Tambaya: Ɗana an cire shi daga ƙungiyar makarantarsu a yankin Bichi, wai ya yi ƙanƙanta, alhali ajinsu ɗaya da sauran. Ko wannan wasa na da abin cewa a nan?

Amsa: Yana da shi, Alhaji, domin a hoki aka fara fito da matsalar fili. A 1985 Roger Barnsley da abokan bincikensa suka nuna cewa 'yan wasan manyan ƙungiyoyin matasa na Kanada da aka haifa daga Janairu zuwa Maris sun ninka na Oktoba zuwa Disamba yawa. A can 1 ga Janairu ce iyakar rukunin shekaru, don haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya. A shekara goma wannan tazara babba ce. Sai koci ya ga girman jiki ya ɗauka baiwa ce, ya zaɓe shi, ya ba shi horo da wasanni fiye da ɗayan, har tazarar ta zama ta gaske.

Ku ɗauko takardar haihuwarsa ku duba wata da shekara, domin a ajinmu na ƙauye tazarar kan kai shekara biyu. Ku je wurin malamin wasannin cikin mutunci, ku roƙi a gwada yaron da sa'o'insa na haihuwa, a duba yadda yake tsayar da ƙwallo da inda yake miƙa ta. A gida ku riƙa auna tsawonsa a jikin bango duk wata uku kuna sa alama da gawayi. In ya fara miƙewa da sauri, gwiwa da diddige kan yi ciwo, to a rage masa tsalle da dogon gudu na 'yan makonni, amma kada a raba shi da ƙwallo.