Amsa ga 'yar'uwar da ta ga gyambo a jikin goggonta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce goggonki tana wani gidan kula da tsofaffi a nan Abuja, kin ga gyambo a ƙugunta, ma'aikata sun ce sai ranar Lahadi ake ziyara, katin fanshonta kuma yana hannunsu. Kina tambaya ko kina da bakin magana tunda ba ke kika kai ta ba. Kina da shi sosai.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara biyu da rabi a irin wannan gida bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da ya fi cutar da mu a farko kunya ce. Muna gudun a ce 'ya'yan Malam sun kai ubansu gidan gajiyayyu, sai muka riƙa shiga a sace muna fita a sace, kai ka ce mu ne masu laifi. Ma'aikatan kuwa sun gane lagonmu. Mai jin kunyar a san ya zo ai ba zai ɗaga murya ba.

Maganar gyambo ba ta jira. Kada ki yarda a ce miki tsufa ne. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, juya shi ake yi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, a canza masa kunzugu da zarar ya jiƙe. In aka bar shi a gefe ɗaya, jini ba ya isa fatar da ke kan ƙashi, sai ta mutu: ƙugu, ƙarshen gadon baya, diddige. A baƙar fata irin tamu ma ba ya fara nuna ja, duhu wurin yake yi, ya ɗau zafi ko ya yi tauri, shi ya sa muke makara. Na Baba sai da ya yi rami muka lura. Yana iya cin nama har ƙashi, ya shiga jini.

Ni abin da ya canza mana lamari, wata Laraba ce na je da asuba ba sallama, na tarar da Baba kwance cikin jiƙa tun daren jiya. Ban yi faɗa ba. Na nemi izininsa na ɗauki hoto, na rubuta koke kwafi biyu da kwanan wata, na sa shugabar gidan ta sa hannu a nawa. Cikin kwana uku aka liƙa takardar rubuta lokutan juya shi a gefen gadonsa. Surutun da muka yi wata huɗu muna yi da baki bai yi abin da wannan takarda ta yi ba.

Game da ziyara da kati, ki nemi yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar da aka kawo ta, ki ga me ta ce. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, tana aiki a Abuja, kuma ta haramta raba mutum da danginsa da ƙarfi da danne masa dukiya. NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ce ke aiwatar da ita a nan. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Maitama tana karɓar koke kyauta. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021. Wata ƙawata da ke Amurka ta ce min can akwai jami'in da aikinsa kenan, zagaya irin waɗannan gidaje yana sauraron koken mazauna. Na ce mata mu dai a kan Baba mu ne jami'an.

Kada dai ki huce a kan yaran da ke aikin. Wadda ke kula da ɗakin Baba ita kaɗai ce ke kwana da tsofaffi da yawa, albashinta ma sai an ga dama. Da masu gidan za ki yi.

Sannan ki zauna da Goggo ke da ita, ba ma'aikaci a kusa, ki tambaye ta me take so. Mu mun yi ta haƙilo a kan magani da abinci, ashe abin da ke cin ran Baba daban ne: mace ce ke masa wanka, kuma ba mai taimaka masa ya yi taimama ko ya juya shi alƙibla. Wata shida yana haɗiye wannan, don kada ya ɗora mana nauyi. Da ya faɗa, kuka na yi. Aka samo namiji, aka juya gadon ya kalli gabas, muka ajiye masa ɗan dutse a gefen matashi.

Ki kira wanda ya kai ta yau ɗin nan ku haɗa baki, ki kuma shigo da likita daga waje ya duba gyambon. Kada ki jira Lahadi.