Za'afaran: amfaninsa, jabunsa, da kuɗin da kuke zubarwa

Saƙonnin makon nan kusan duk a kan za'afaran suka taru, don haka na tsinci waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Anti, ina ganin tallar kafson za'afaran a TikTok, wai yana yaye damuwa, yana sa nishaɗi da barci mai daɗi. Gaskiya ne ko talla ce kawai? (Ɗaliba daga Zariya)

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ƙanwata, sai dai masu talla sun ƙara gishiri. A 2004 da 2005 likitoci a jami'ar koyon aikin likita ta Tehran sun ba masu ciwon damuwa marar tsanani miligiram 30 na abin da aka tatso daga za'afaran kullum har mako shida, wasu kuma aka ba su magungunan asibiti irin su imipramine da fluoxetine. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusa da juna. An kuma gwada shi a kan mata masu saurin fushi da kasala gab da zuwan al'ada, aka ga canji.

To amma ki lura. Mutanen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje na farko da su ba su wuce talatin zuwa arba'in a kowane gwaji ba, lokacin kuma gajere ne, sannan masu damuwa mai tsanani ba sa ciki. Ko a wajen waɗanda ya yi wa aiki, makonni ya ɗauka. Wadda kika gani a bidiyo ta kurɓi shayi ta fara murmushi nan take, kuɗinta aka biya ta.

Hajiya, abokina ya kawo min tsarabar za'afaran daga Umra, gwangwani cike, ya ce da araha ya same shi. Yanzu ina so in riƙa saro shi ina sayarwa. Me kika gani? (Ɗan kasuwa daga Katsina)

Alhaji, ku gyara zama, don nan ne inda raina ya fi ɓaci.

Za'afaran zare ne da ake cirowa daga tsakiyar fure, kuma kowane fure sili uku kacal yake bayarwa. Kafin a haɗa kilo guda busasshe sai an tsinke furanni wajen 150,000, wato giram guda ma furanni kusan 150 ne. Furen kuma 'yan makonni yake fitowa a shekara, tsakanin Oktoba da Nuwamba. A yankin Khurasan na Iran, ƙasar da ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na za'afaran duniya, tun da asuba ake shiga gona a tsinke shi kafin rana ta buɗe, a koma gida a zauna ana zare silin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Haka ake yi a Pampore ta Kashmir, da Herat ta Afganistan, da Taliouine ta Maroko. Ba inji. Shi ya sa a shagunan Turai da Amurka giram guda kan kai dala goma. Ku buga wannan da canjin yau, sannan ku sake duba gwangwanin nan naku. Araha ba ta ado.

Sayo shi a Makka ko Madina kuma ba shaida ba ce. Su ma shigo musu da shi ake yi, kuma duk inda alhazai suka yi cincirindo suna sauri kafin jirgi, masu algus ba sa nisa da wurin. Abin da ake cusa wa mutane sananne ne: gashin masara da aka rina ja aka yayyanka, furen wani tsiro da Larabawa ke kira usfur wanda ke kama da shi daga nesa, garin kurkum, da kalar abinci. Wasu ma rinin masana'anta suke sa wa, irin wanda marasa tsoron Allah ke zuba wa manja don ya yi ja, alhali an haramta shi a abinci. Wasu na gaskiyar suke samu su shafa masa mai ko ruwan sukari don ya ƙara nauyi a sikeli.

Ga yadda za ku gwada kafin ku zuba jarinku. Ku ɗebi sili huɗu ko biyar ku shimfiɗa a farar takarda. Na gaske siriri ne daga ƙasa, yana buɗewa daga sama kamar bakin kakaki, kuma in kun murza shi karyewa yake, ba ya danƙo, ba ya barin maiƙo a takarda. Ku jefa shi a kofin gilashi mai ruwan sanyi. Na gaske a hankali yake sakin launi, sai an yi minti goma ko fiye ruwan ya koma ɗorawa mai haske, shi kuma silin yana nan da jansa. Na jabu kuwa kafin ku ajiye kofin ruwan ya yi jawur, silin ya koɗe ya yi fari-fari. Ku ɗora ɗaya a harshe: ƙamshinsa mai daɗi ne amma ɗanɗanonsa da ɗan ɗaci, in kun ji zaƙi an yi masa wani abu. Idan gari ne aka ba ku, ku jiƙa shi ku ɗiga ruwan kanwa. In ya juye ja, kurkum ne. Ni dai garin za'afaran ba na ba kowa shawarar saye, don da zarar an niƙa, ido ba ya iya rarrabewa.

Kafso ya fi wannan muni, tunda ba ka ganin abin da ke ciki ko kaɗan. Wanda babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, ba a rubuta miligiram nawa ke cikin kowace ƙwaya ba, ku bar wa mai shi kayansa. Ita ma lambar, a kan maganin gargajiya, tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da jerin cututtukan da aka rubuta a kwali ba. Kuma abin da ke ba ni haushi, mace za ta hana kanta nama da ganye wata guda don ta tara kuɗin kwalba ɗaya saboda wata ta ɗora a sitatus ɗin WhatsApp.

Batun sarowa kuwa, in kun sayar wa mutane gashin masara da sunan magani, ko da ba ku sani ba, ku za a nuna da yatsa a unguwa, ba abokin naku ba. Sai kun gwada, sai kun san daga hannun wa ya fito.

Anti, ina da ciki wata huɗu. An ce in ina shan za'afaran da madara jaririna zai fito fari tas. Sili nawa zan riƙa sawa? (Daga Gombe)

Ko ɗaya. Wannan camfin mutanen Indiya ne ya iso mana. Launin yaro daga jinin uwa da uba yake, babu abin da za ki sha ya canza shi. Abin da ya kamata ki sani shi ne, za'afaran in ya yi yawa yana motsa mahaifa har ya jawo ɓari. Ɗan abin da ke cikin shinkafar biki ba komai, amma kafso da jiƙo kullum, a'a. Ki je awo, ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki, ki roƙi Allah ya sauke ki lafiya.

Anti, tun da na haihu wata uku ke nan ba na jin daɗin komai. Kuka nake yi ba dalili, ko yaron ya yi barci ni ba na iya yi. Likita ya rubuta min magani amma surukata ta ce na mahaukata ne, in bari in sha za'afaran. Ina jin kunyar gaya wa mijina. (Ba ta sa gari ba)

Sannu 'yata, sannu ƙwarai. Abin da ke damunki ciwo ne da ke samun mata da yawa bayan haihuwa, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Kin yi dabara da kika je asibiti.

Kada ki ajiye maganin likita. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu, kuma yanke su rana ɗaya na iya dawo da ciwon da ƙarfi. In kina son haɗawa da za'afaran, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitan ya gani, ki tuna masa kina shayarwa. Surukarki alheri take nufi, ba sai kin yi jayayya da ita ba; ki samu lokacin da kuke ku biyu da maigida ki gaya masa yadda kika gaya min, in ya yiwu ya raka ki ganin likita ya ji da kunnensa. In kuwa kika fara jin tunanin cutar da kanki ko jaririn, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki gaya wa wanda ke kusa a tafi asibiti a ranar. Ki sake rubuto min, ina son jin yadda kika kwana.

Za'afaran da malamai ke rubutun sha da shi, shi ne wannan da ake magana? Kuma nawa ne ya yi yawa? (Daga Maraɗi)

Asali shi ne, amma yawancin jan garin da ake sayarwa a ƙulli don rubutu kala ce kawai, gwajin ruwan sanyi zai nuna maka. In za a sha, gara a jiƙa sili na gaske a yi tawadar da shi.

Yawa kuwa, a shayi ko shinkafa 'yan silin da yatsu biyu suka tsinta sun isa. Littattafan magani sun rubuta cewa giram 5 a lokaci guda guba ne, giram 20 na iya kisa. Mai shan maganin hawan jini, ko na tsinka jini irin warfarin, ko mai ciwon da ke kai shi zumuɗi mai tsanani wani lokaci ya dawo ƙunci, kada ya fara kafso sai ya tambayi likitansa. Ka adana silin a kwalba mai murfi, cikin kabad, nesa da rana da tururin kicin.