Ƙanina, kafin ka sayar da gonar Baffa ka kawo shi Amurka

Na saurari saƙonka na murya, duk minti tara ɗin, ina zaune a mota kafin in shiga aikin dare. Ka ce ƙodar Baffa ta gaza, likita ya ce sai wankin ƙoda, kuna shawarar sayar da gonar bakin rafi ka rako shi nan da bizar ziyara, a yi masa magani, kai kuma ka laɓe ka nemi aiki. Allah ya ba Baffa lafiya. Amma kai ne na huɗu da ya kawo min irin wannan magana tun Babbar Sallah, don haka ka yi haƙuri in na yi maka gatsal.

Shekarata goma sha ɗaya a Houston, bakwai daga ciki ina aikin injin wankin ƙoda. Da dare na yi karatun, da rana ina goge tayal a wani kanti, ba wanda ya ɗauke min ko kuɗin littafi. Garin nan ne ke da Texas Medical Center, unguwa guda ta asibitoci da babu irinta a duniya, ita kuke gani a waya kuna lashe baki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. In ka zo yadda ka tsara, ba layin Bature mai inshora za ka bi ba, layin maƙwabtana za ka bi, mutanen Meziko da Honduras da El Salvador, waɗanda ake kira Latino. Su ya kamata ka tambaya labarin asibitin Amurka.

Sun haura miliyan 60 a ƙasar nan, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Su ke gini, su ke rufin gidaje a tsakar zafin Agusta, su ke yanka kaji a masana'anta, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa rashin inshorar lafiya. A nan inshora yawanci ta hannun mai gidan aikinka take zuwa, aikin leburanci kuwa ba ya zuwa da ita. Dokar Obama ta 2010 ta buɗe wa jihohi hanyar faɗaɗa Medicaid, wato tallafin lafiyar talaka, jiharmu ta Texas ta ce ba ta yi, har yau ita ce kan gaba a yawan marasa inshora. Wanda ba shi da takardun zama ko da kuɗinsa ba zai sayi inshora a kasuwar gwamnati ba. Mai takardar zama ta dindindin ma, tun dokar 1996, yawanci sai ya jira shekara biyar kafin Medicaid ta kalle shi.

Na san abin da aka gaya maka, wai asibiti a Amurka ba ya korar mara lafiya. Akwai wannan doka, ta 1986, amma iyakarta sashen gaggawa: su duba ka, su tsayar da mutuwar da ke bakin ƙofa, su sallame ka, takardar bashi ta biyo ka gida. Ni shaida ne. Shekarata ta biyu ciwon ciki ya kayar da ni, wani maƙwabci ya kira motar asibiti don tausayi. Tafiyar da ba ta kai daga Kurna zuwa Sabon Gari ba, sai da na yi wata goma sha huɗu ina biya, ban da kuɗin tiyata. Lokacin kuna ta cewa na samu wuri na manta da gida.

Mu dawo kan ƙoda. Mai wannan ciwo wanki uku yake buƙata a mako, kowanne wajen awa huɗu. Ɗan ƙasa da ya yi aiki, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ke biya masa, tun 1972 aka yi haka. Baffa baƙo ne, babu shi a wannan lissafi. Marasa takardu da yawa a jihar nan ba su da ranar wanki. Sai jiki ya cika da ruwa, numfashi ya fara sarƙewa, gwajin jini ya nuna zuciya na iya tsayawa, sannan a karɓe su a matsayin gaggawa. Akwai wani dattijo da nakan gani, shekara ashirin yana aikin rufi. 'Yarsa ke kawo shi da asuba, ƙafafunsa kamar turmi, takalmin a hannunta don ba ya shiga. Wata rana aka ce jinin bai kai munin da za a karɓe shi ba, ya koma gida ya ƙara jira. Ya dube ni ya ce "si Dios quiere", in Allah ya yarda kenan. Ranar ban iya cin abinci ba. Wannan kake so wa Baffa?

Ga kuma tsoro. Tun Nuwamba 2024 gwamnan jihar, Greg Abbott, ya umarci asibitoci su riƙa tambayar mara lafiya matsayin zamansa. Mutum na da damar ya ƙi amsawa, kuma za a duba shi, amma je ka gaya wa uwar da ke ɓoye da 'ya'ya uku. Sai ta zauna a gida da ciwon suga har ya ci ido ko ƙafa, ga shi suga ya fi kama su fiye da Turawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suka yi kama da mu. Suna da shagunan magani da suke kira botánica, ganye da turare da kyandir, ka rantse 'yar mai ganye ce. Sun yarda da kambun baka da mugun ido. Mai mota kan tuƙa awa biyar zuwa shida ya tsallaka Nuevo Progreso, wani gari a bakin iyakar Meziko, ya cire haƙori ko ya sayo allurar suga da araha, yadda namu ke tafiya Masar ko Indiya. Matan unguwa da ake horarwa, promotoras, suna bi gida gida da abin awon jini. Kuma ba sa barin tsohonsu shi kaɗai. Ɗaki ɗaya sai ka ƙirga mutum takwas an zo dubiya da kwanon miya. Duk da talaucin, kafin korona sun fi Turawa tsawon rai, kusan shekara 82 a 2019. Annobar ta zaftare musu wajen shekara huɗu, don su ne ba su da aikin da ake yi daga gida.

Wata ma'aikaciyarmu 'yar El Salvador ce ta nuna min asibitocin unguwa da ke karɓar kuɗi daidai samun mutum. Babu Bahaushe ko ɗaya da ya gaya min, kowa na ɓoye wahalarsa don kada a ji a gida.

Kada ku taɓa gonar nan. A ci gaba da wankin Baffa a Kano, kusa da Inna da jikokinsa, zan ɗauki nauyin wanki ɗaya duk mako, ku raba sauran tsakaninku, kuma a turo min sakamakon gwajin jininsa duk wata. Kai kuma in zuwan kake so da gaske, ka gama karatun jinyar da ka ajiye, ka ci NCLEX, jarrabawar samun lasisin aikin jinya a nan, ka shigo ta ƙofa. Ka fara koyon Sifaniyanci tun yanzu, rabin marasa lafiyata da shi suke faɗin inda ke musu ciwo. Ka gaida Inna, ka ce mata zan kira ranar Juma'a in na tashi daga barci.