Tambaya da Amsa: Diyod Ɗin da Ba Ya Ɗaukar Zafi

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo da cajar salula ne a unguwar Zango, Zinder. Na ji an ce an ƙera diyod da ba ya ɓarnar wuta, kuma yana aiki a yanayi mai ɗumi. Shin zai maye gurbin wanda muke sawa a caja?

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne, amma kalmar "ɗumi" ce ta yaudare ka. Diyod ɗin silikon da ka saba da shi yana barin wuta ta bi hanya ɗaya, sai dai yana cinye kusan bolt 0.7, wanda ke zama wani ɓangare na zafin da kake ji a jikin caja. Sabon kuwa ana yin sa da sinadaran da wuta ke ratsawa ba tare da turjiya ba idan an sanyaya su ƙwarai, halin da masanin kimiyya Kamerlingh Onnes ya gano a shekarar 1911 a birnin Leiden na ƙasar Holan, lokacin da ya sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili.

Ga yadda yake aiki. Kowane irin wannan sinadari yana da iyakar wutar da zai ɗauka kafin turjiya ta dawo. Idan aka ƙera shi yadda iyakar zuwa ta fi ta dawowa, to wutar da ƙarfinta ya faɗa tsakanin iyakokin biyu za ta wuce salin-alin ta gefe ɗaya, ta gamu da turjiya ta ɗaya gefen. Masana a Jami'ar Kyoto ta Japan sun nuna haka a 2020 da taimakon maganaɗisu, na Delft da ke Holan kuma suka yi shi ba maganaɗisu a 2022, duka cikin matsanancin sanyi.

Ci gaban da ka ji shi ne na wasu sinadarai masu ɗauke da jan ƙarfe a cikinsu, waɗanda aka ɗora siraran falle biyu nasu a karkace, diyod ɗin ya yi aiki har a digiri 196 ƙasa da sifili, wanda shi ne "ɗumin" da ake nufi idan aka kwatanta da 269. Wannan sanyin ruwan naitirojin ne, wanda ya fi ruwan hiliyam (da ake amfani da shi don kaiwa 269) araha nesa ba kusa ba, kuma a ganina nan ribar take.

A Damagaram, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ba zai shiga shagonka ba. Masu jiransa su ne masu ƙera kwamfutocin kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta da dama da yawansu a cikin sanyi suke aiki, da manyan cibiyoyin adana bayanai.