Mu biyu lafiyarmu ƙalau, ta ina ɗanmu ya samo sikila?

Tambaya: Likita, ni da maigidana ba wanda ya taɓa ciwon sikila, amma an gwada ɗanmu na biyu an ce SS ne. Dangin miji sun ce daga wajena ne. Wata kuma ta ce tunda ɗaya cikin huɗu ake samu, sauran da zan haifa sun tsira. Yaya abin yake?

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya. 'Yar'uwa, dangin mijinki sun ɗora miki abin da ba naki ke kaɗai ba. Kowane ɗa yana karɓar kromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙwayar gadon da sikila ta shafa, ɗaya daga cikin masu tsara himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, tana kan kromosom na 11, kuma biyu kowa yake da ita: ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Lafiyayyar ana kiranta A, mai kawo sikila kuma S. Yaro ba ya zama SS sai ya samu S daga ɓangarorin biyu.

Tunda ba ku taɓa ciwon ba, alama ce ku duka AS ne. Mai AS yana yawo lafiya lau, domin A ɗin tana rufa wa S asiri, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu. Irin wannan ɓoyayyen gado shi masanin kimiyya Gregor Mendel ya bayyana a 1866, bayan gwaje-gwajensa a kan wake.

Maganar wadda ta ce sauran sun tsira ta fi damuna, don da yawa sun shiga wahala a kanta. Idan AS ya auri AS, kowane ciki lissafinsa daban: kashi 25 cikin ɗari SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kamar jefa kwabo sama ne. Fuskar da ta fito ɗazu ba ta hana ta sake fitowa. Akwai ma'auratan da suka haifi SS uku a jere, akwai waɗanda suka haifi biyar ba ko ɗaya.

Ku je ke da maigida a yi muku gwajin jinotayif, ya ga sakamakonsa da idonsa; wannan kan kashe surutun dangi. A gwada babban ɗanku ma, da duk jaririn da za ki haifa, tun yana ƙarami, don a fara ba shi kulawa kafin ciwon ya tashi.