Za a yi wa Mama gashin ciwon daji, wane shiri za mu yi?

Tambaya: Likita barka da aiki. An yi wa mahaifiyata tiyatar kansar nono, yanzu an tura mu gashi. Wallahi ta tsorata, wai an ce mata ƙona mutum ake yi. Me za mu shirya?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya 'yar'uwa. Ki kwantar mata da hankali, babu wuta babu zafi, kamar ɗaukar hoton ƙirji ne, ta kwanta na'ura ta zagaya tana haska wajen da wani haske mai kashe ƙwayoyin kansa, minti 15 zuwa 20 an gama. Kuma idan ta dawo gida ta ɗauki jikokinta a ci abinci tare, hasken baya zama a jiki.

Ranar farko ba gashi ake ba, hoton siti sikan za a yi a auna wajen, a yi mata alama a fata, to don Allah kar a goge alamar nan wajen wanka domin da ita ake saita na'ura kullum. Za a ce ta ɗaga hannu sama da kai, in kafaɗar ta riƙe tun bayan tiyata ta fara motsa ta yanzu yadda aka koya mata. Ku tafi da duk takardu, musamman sakamakon tsokar da aka cire.

Abin da ya fi damuna shi ne fashi. Litinin zuwa Juma'a ake yi, yawanci sati 3 zuwa 5, kuma mutane sai a fara lafiya lau sai kuɗin mota ya ƙare ko biki ya taso a ɗauke ƙafa sati guda, alhali tsallake kwanakin nan yana rage ƙarfin maganin. Ko Abuja aka tura ku ko Shika ko Sakkwato, ku tanadi masauki kusa da wanda zai riƙa rako ta tun kafin a fara, ku kira ku tabbatar da ranarku kafin ku hau mota.

Fatar wajen takan yi duhu da ƙaiƙayi daga sati na 2, ga kasala. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, riga mai yalwa ta auduga, banda man zafi, banda man bilicin, banda soso. In ta ga saɓa ko ruwa ta nuna wa ma'aikata a ranar. Gashin kanta ba zai zube ba tunda ba kai ake haskawa ba. In kuma tana shan jiƙe-jiƙen gargajiya ku faɗa wa likitanta kafin ranar awo.